Fitilun titi da halittun da ke rayuwa cikin duhu

Murar da ta kwantar da ni kwana biyar a farkon hunturun nan ta hana ni shiga aji, amma ta ba ni sararin karatun da na daɗe ina nema. Ina kurɓar shayi mai citta da kanumfari, na bi wasu rahotannin bincike kan abin da masana ke kira gurɓata dare da haske, wato hasken fitilu da ke zuba a wurin da ba a buƙatarsa, a lokacin da ba a buƙatarsa. Na ga ya dace in kawo wa masu karatu abin da na tsinta, domin ya shafi wata shawara da jihohinmu ke yankewa a yanzu ba tare da an tattauna ta ba.

Na san wani zai ce wannan damuwar ta waɗanda suka ƙoshi ce. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar lantarki, to ina mu ina kukan haske ya yi yawa? Tambayar tana da nauyi. Amsata ita ce, wanda bai riga ya gina gida ba shi ke da damar gyara tsarinsa da araha. Ƙasashen da suka riga mu haskaka darensu suna kashe kuɗi yanzu don gyara ɓarnar da mu ba mu kai ga yi ba tukuna.

A 2016 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Fabio Falchi sun fitar da taswirar hasken dare ta duniya. Sun gano cewa sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ne ƙarƙashin samaniyar da hasken fitilu ya dusashe, kuma kashi ɗaya bisa uku ba sa iya ganin farar hanyar taurarin nan da ke ratsa sama a daren da babu farin wata. Ƙasashen da suka fi tsira su ne Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Madagaska. Wani binciken na 2023 ya nuna hasken sama yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace shekara tsakanin 2011 da 2022 a wuraren da aka auna. A wannan lissafi, yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250 zai iya ganin 100 kacal ranar da ya cika shekara 18.

Rashin ganin taurari asara ce ga ɗan Adam, amma ga halittun dare magana ce ta rai. Mu ɗauki buzuzu, wanda muke raina wa don mirgina kashin shanu. Masana daga Suwidin da Afirka ta Kudu sun tabbatar a 2013 cewa wani nau'insa yana bin waccan farar hanyar taurari ce don ya miƙe da ƙwallonsa ba tare da ya koma inda abokan hamayya za su ƙwace masa ba. Da aka rufe masa ganin sama da 'yar hula, sai ya riƙa kewaye. Haka 'ya'yan kunkurun teku a gaɓar Florida ta Amurka: idan suka ƙyanƙyashe da dare, sukan nufi ɓangaren da ya fi haske, wanda a asali shi ne teku. Fitilun otal da na tituna suna juya su zuwa tudu, inda ƙishirwa da motoci da maharba ke gamawa da su.

Tsuntsaye ma ba su tsira ba, domin yawancin ƙananan masu ƙaura da dare suke tafiya. A birnin New York, duk ranar 11 ga Satumba ana kunna manyan fitilu 88 da ke harba haske sama don tunawa da harin 2001. Binciken da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa a darare bakwai cikin shekara bakwai hasken ya rikita tsuntsaye sama da miliyan ɗaya, suna ta kewaye shi suna ƙone ƙarfin da suka tanada don doguwar tafiya. Abin lura shi ne maganin da aka samo: idan tsuntsayen suka taru da yawa, sai a kashe fitilun na minti 20, su kuwa su watse su kama hanyarsu. A Chicago kuma, a dare ɗaya na Oktoban 2023, kusan tsuntsaye dubu suka mutu bayan sun yi karo da gilasan wani katafaren zauren taro mai haske a bakin tafki.

Kowa a cikinmu ya ga yadda shinge ke rufe fitila bayan ruwan farko. An daɗe ana cewa son haske ke jan ƙwari, sai wani bincike na 2024 ya nuna cewa ƙwaro yana juya bayansa ne ga wuri mafi haske don ya bambance sama da ƙasa. Fitila tana ruɗa wannan ma'auni, sai ya yi ta zagaya ta har ya gaji ya faɗi. Illar tana kaiwa ga shuka. A Suwizalan, a wani binciken da aka wallafa a 2017, an kafa fitilun titi a wasu filayen ciyawa, sai ziyarar da ƙwarin dare ke kai wa furanni ta ragu da kashi 62 cikin 100, 'ya'yan wata shuka da aka auna kuma suka ragu da kashi 13.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Furen kuka da almuru yake buɗewa, kuma jemagu masu shan 'ya'yan itace su ne manyan masu kai masa ƙurar haihuwa daga wannan fure zuwa wancan. Haka ɗorawa, wadda daga kalwarta ake yin daddawa. Binciken da aka yi a Kosta Rika aka wallafa a 2014 ya nuna wani nau'in jemage mai cin 'ya'yan itace yana ƙaurace wa itacen da aka haska. Tsuntsayen da ke ƙetare Sahara daga Turai kuwa, da yawansu a dausayin Haɗeja da Nguru da yankin Tafkin Chadi suke sauka. Mujiya da muke wa camfi, ɓeraye take rage wa manomi. Duk waɗannan ma'aikata ne da ba a biyan su ko kwabo, kuma duhu shi ne wurin aikinsu.

A 'yan shekarun nan fitilu masu aiki da hasken rana sun bazu a birane da ƙauyuka, wasu daga gwamnati, wasu daga 'yan majalisa, wasu daga masu hali. Alheri ne babba. Mai shayi da mai tsire sun samu ciniki, ɗalibi ya samu wurin bita, mai dawowa daga asibiti da tsakar dare ya samu natsuwa. A halin tsaron da muke ciki, babu mai hankalin da zai ce a kashe su. Abin dubawa shi ne irin fitilar da yadda ake kafa ta. Yawancin waɗanda nake gani farare ne fat masu ratsin shuɗi, launin da ya fi yaɗuwa a sama, ya kuma fi dagula barcin mutum. Wasu an karkata su suna haska sama da tagogin mutane, wasu kuma suna kashe wa direba ido har ya kasa ganin mai tafiya a ƙasa.

Gyaran ba shi da tsada idan aka sa shi tun a takardar kwangila. A yi wa fitila murfi, haskenta ya sauka kan hanya. A zaɓi mai launin ruwan ɗorawa maimakon fara fat. A saita ta ta rage ƙarfi bayan tsakar dare, abin da ke tsawaita ran batir har ta kai asuba. A bar dausayi da gandun daji da kurmin kuka da ɗorawa cikin duhunsu. Garin Flagstaff na Amurka ya kafa dokarsa ta farko kan hasken waje tun 1958, Faransa kuma tun 2013 ta wajabta kashe fitilun tagogin shaguna da ƙarfe ɗaya na dare.

Ina kira ga ma'aikatun ayyuka da na muhalli su fitar da ƙa'ida ɗaya kan fitilun titi kafin a ba da kwangila ta gaba. Ina kuma kira ga 'yan'uwana malaman jami'a na sassan nazarin halittu su tura ɗalibai su ƙirga ƙwari da jemagu a itatuwan da aka haska da waɗanda ba a haska ba, mu samu alƙalumanmu na gida. Har yanzu yaro a ƙauyukanmu yana iya nuna maka kaza da 'ya'yanta a sama, manomi kuma yana gane gamzaki idan ya fito. Muna iya haskaka hanyoyinmu mu kuma bar wa jikokinmu wannan gado, in dai mun yi tunanin tun fitilun suna kan takarda.