Tsofaffin manyan sifikokin falo: Yadda suke aiki da yadda za a ceto su daga hannun 'yan gwangwan

A gidajen tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa da dama a Arewacin Najeriya, har yanzu akan tarar da wasu dogayen akwatunan katako guda biyu a kusurwar falo ko a ɗakin ajiya, ƙura ta lulluɓe su. Su ne manyan sifikokin da ake girkewa a ƙasa, waɗanda suka yi tashe a shekarun 1970 da 1980.

A garuruwa irin su Dukku da ke ƙaramar hukumar Rijau a masarautar Kontagora ta jihar Neja, makomar irin waɗannan kaya tana hannun magada: ko dai a gyara su, ko kuma a miƙa wa 'yan gwangwan su fasa su kwashe mayen ƙarfe da jan ƙarfen da ke ciki. Sau da yawa abin da ya kashe sautin bai wuce zoben soso da ya ruɓe ba, wanda mai gyaran rediyo zai iya sauyawa.

Yadda suka shigo gidajen Arewa

Asalin sifikar da ake amfani da ita a yau ya samo tushe ne daga aikin wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, waɗanda suka bayyana ƙirarsu a 1925. A 1958 ne faifan da ke raba sauti gida biyu, hagu da dama, ya bazu a kasuwa, kuma tun daga nan sifika ta zama abar saye biyu-biyu. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963.

A Najeriya, kuɗin man fetur na shekarun 1970 ne ya buɗe wa waɗannan kaya ƙofa. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka ƙara wa ma'aikata albashi tare da biyan su ariyas. Da yawa daga cikinsu sun sayi babura, firiji da kayan sauti. Alhazai ma sun riƙa dawowa da rediyo da rikoda daga ƙasa mai tsarki a matsayin tsaraba.

Kayan Japan ne suka fi mamaye kasuwa: Pioneer, Sansui, Kenwood, Akai, Technics da Sony. Akwai kuma na Turai irin su Philips da Grundig, da na Ingila irin su Wharfedale, wanda Gilbert Briggs ya kafa a 1932. Da waɗannan sifikoki aka saurari faifai da kaset na Alhaji Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ɗanmaraya Jos da Haruna Uji, da waƙoƙin finafinan Indiya, da karatun Alƙur'ani da wa'azin malamai.

Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, sabbin kaya suka yi tsada, jama'a suka koma ga na gwanjo da ake shigowa da su ta Legas. Daga baya ƙananan kayan sauti na China da wayoyin hannu suka ture manyan sifikokin gefe.

Abin da ke cikin akwatin

Aikin sifika shi ne mayar da motsin lantarki zuwa motsin iska. A bayan kowane bakin sifika akwai mayen ƙarfe, a tsakiyarsa kuma akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe. Idan amfilifaya ta turo lantarki, naɗin wayar yakan yi gaba da baya, ya motsa wani kwali mai siffar mazurari, kwalin kuma ya tura iska. Wannan girgizar iskar ita ce sautin da kunne ke ji.

Kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Baki ɗaya ba ya iya fitar da dukkan wannan yadda ya kamata, shi ya sa ake raba aikin. Babban baki, mai faɗin inci 10 ko 12 ko 15, shi ke fitar da sauti mai kauri irin na ganga. Matsakaici yana ɗaukar muryar ɗan'adam da amon kalangu. Ƙaramin da ke sama kuma yana fitar da siririn sauti irin na kacau-kacau. A ciki akwai ƙaramin allo mai rarraba sauti, wanda ke aika wa kowane baki da rabonsa.

Girman akwatin ma yana da dalili. Duk lokacin da kwalin ya tura iska ta gaba, yana janye ta ta baya. Idan waɗannan biyun suka haɗu, sai su kashe juna, kaurin sauti ya ɓace. Akwatin ne ke raba su. Wasu akwatunan a rufe suke ruf, ƙirar da Edgar Villchur ya shahara da ita a 1954, wasu kuma suna da rami da ke fitar da iskar ciki don ƙara kauri. Sauti mai kauri yana buƙatar motsa iska mai yawa, abin da ƙaramar sifikar waya ba za ta taɓa iya yi ba.

Abubuwan da ke lalata su

Babbar matsalar ita ce zoben da ke riƙe da gefen kwalin. Idan na soso ne, yakan ruɓe tsakanin shekara 10 zuwa 20, kuma zafi da danshi suna gaggauta hakan. Na yadi ko na roba sun fi daɗewa. Idan aka ci gaba da kunna sifika bayan zoben ya ruɓe, naɗin wayar zai riƙa gogar mayen ƙarfen har ya ƙone, ƙaramin gyara ya koma babba.

Yanayin ƙasar Kontagora yana da nasa tasirin. Da damina, danshin da ke tasowa daga daɓen siminti yana kumbura katakon, musamman wanda aka yi da matsattsen garin katako. Da hunturu, ƙura tana shiga ramin da naɗin wayar ke motsi. Gara tana cin akwatin daga ƙasa, ɓeraye da kyankyasai kuma suna shiga ta ramin iska su yi sheƙa a cikin audugar da ke ciki.

Haka kuma, ƙananan kafasitocin da ke kan allon rarraba sauti sukan bushe bayan shekaru masu yawa, sai sautin ya dushe kamar an rufe shi da bargo. Sauya su ba shi da wuya, matuƙar an sa masu lamba iri ɗaya da na asali.

Gwaji kafin a saya ko a yar

Ana fara cire murfin gaba a duba kwalin da zoben. Sannan a ɗora yatsu a kewayen tsakiyar babban bakin, a danna a hankali. Idan ya shiga ya dawo shiru, alama ce mai kyau. Idan an ji ƙarar gogayya, naɗin wayar ya sami matsala.

Batirin tocila mai bolt 1.5 ya isa gwaji na biyu. Idan aka taɓa wayoyin sifikar da shi na ɗan lokaci, babban bakin zai motsa tare da ɗan ƙara. Mai gyara kuma zai iya aunawa da mita: sifikar da aka rubuta mata om 8 takan nuna kusan 6, kuma hakan daidai ne. Idan mitar ba ta nuna komai ba, waya ta tsinke a wani wuri.

A ƙarshe sai a kunna sauti ƙasa-ƙasa, a kai kunne kusa da kowane baki a tabbatar yana aiki. Ya kamata a kwatanta akwatunan biyu, domin wasu masu sayar da na gwanjo sukan cire bakin asali su maye gurbinsa da mai araha.

Amfilifaya da batun wuta

Waɗannan sifikoki ba a jona su da wutar gida kai tsaye. Daga amfilifaya suke samun ƙarfi. Don haka amfilifayar ce ke fuskantar haɗarin wuta. Najeriya tana amfani da bolt 230, alhali kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, na cikin gidan Japan kuma bolt 100. Wajibi ne a karanta abin da aka rubuta a bayan na'urar kafin a jona ta.

Duk da cewa madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru suna jihar Neja, garuruwan karkara suna fama da ɗaukewar wuta da hawa da saukarta. Sitabilaiza tana rage wannan haɗari. Mai amfani da janareta ya bari injin ya daidaita kafin ya kunna amfilifaya. Mai sola kuma ya sani cewa ƙaramar inbata mai araha takan sa na'urar gurnani da zafi.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, wato ɗauka cewa ƙaramar amfilifaya ba za ta iya ƙona babbar sifika ba. Idan aka ƙure ta, sautin da take fitarwa yakan gurɓace, kuma wannan gurɓataccen sautin shi ke ƙona ƙaramin bakin sama. Da zarar sauti ya fara kakkarcewa, a rage. Haka nan, haɗa sifikoki biyu masu om 8 a layi ɗaya yana saukar da su zuwa om 4, biyu masu om 4 kuma zuwa om 2, nauyin da yawancin tsofaffin amfilifayoyi ba sa iya ɗauka.

Kada kuma a ruɗu da dubban wat da ake rubutawa a kwalayen wasu sabbin kaya da alamar PMPO. Lambar RMS ce abin dogaro. Amfilifaya mai wat 30 zuwa 50 ta gaskiya ta wadatar da falon gida.

Girkewa da saurare

A ɗora akwatunan a kan ɗan katako ko bulo don raba su da danshin ƙasa. A bar tazara tsakaninsu da bango, domin manna su a kusurwa yana sa kaurin sauti ya yi yawa ya danne murya. Nisan da ke tsakanin sifikokin biyu ya yi daidai da nisan kowace daga wurin zaman mai saurare.

A kula da wayoyi: ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a ɓangarorin biyu. Idan aka juya ɗaya, kauri zai ragu, muryar mawaƙi kuma ba za ta tsaya a tsakiya ba. Ana iya haɗa wayar hannu ta mashigar da aka rubuta wa AUX ko TAPE, da waya ko da ƙaramar na'urar Bluetooth. Mashigar PHONO ta na'urar faifai ce kaɗai.

Kunne da haƙƙin maƙwabci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraren sauti mai ƙarfin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma idan ya kai desibel 90, lokacin yana sauka zuwa awa huɗu. Hukumar ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti. Idan sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji magana, sautin ya yi yawa.

A Najeriya, hukumar NESREA ce ke kula da dokar taƙaita hayaniya ta 2009. Sauti mai kauri yana ratsa bango fiye da siriri, saboda haka abin da mai gida ke ji daidai yana iya hana maƙwabcinsa barci ko ya shiga lokacin salla.

Kaset da faifan da ke tare da su

Galibi inda aka sami tsohuwar sifika, akan sami kwalin kaset ko faifai a kusa. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Waƙoƙin makaɗa da yawa an ɗauke su ne a wuraren biki da fadojin sarakuna, kuma kaset ɗin da ke hannun iyalai na iya zama kwafin da ya rage. Haka abin yake ga kiɗan gargajiya na Dukkawa da Kambari da ke wannan yanki, da tafsirin malaman gari da suka riga mu gidan gaskiya.

Zaren kaset yana lalacewa da zafi, faifai kuma yana lanƙwashewa idan aka jibge shi a kwance ko rana ta buge shi. A ajiye faifai a tsaye a inuwa, a nisanta kaset daga sifikar kanta, domin mayen ƙarfen da ke ciki yana iya lalata abin da aka ɗauka. Wanda ke da rikoda mai aiki zai iya haɗa ta da kwamfuta ya kwafe sautin, ya rubuta sunan mawaƙin da wurin da shekarar da aka ɗauka idan an sani, sannan ya ajiye kwafi a wurare biyu.