Difaranshal ɗin Tarakta: Yadda Yake Raba Ƙarfi Tsakanin Tayoyi

Gabatarwa

A farkon damina, musamman a fadama, tarakta kan kafe: taya ɗaya tana ta juyawa cikin laka, ɗayar kuma tana tsaye cik a kan busasshiyar ƙasa. Manoma da yawa kan ɗauka inji ne ya gaza, alhali hakan ya samo asali ne daga yadda difaranshal yake aiki. Sanin wannan zai rage asarar mai, da cinyewar taya, da jinkirin shuka.

Dalilin sanya shi

Idan tarakta ta yi kwana, tayar waje tana cin zango fiye da ta ciki. Idan tazarar tayoyin baya mita 1.5 ce, kuma tarakta ta juya baya a ƙarshen kunya, tayar waje za ta fi ta ciki tafiya da kimanin mita 4.7. Da ƙarfe guda ne ya haɗa su, dole ɗaya ta riƙa jan ƙasa, gatari kuma ya wahala.

Yadda yake aiki

Ƙarfin inji yana bi ta giyabos zuwa wata ƙaramar giya da ke juya babbar giya mai kama da faifai. Babbar tana ɗauke da wasu ƙananan giyoyi waɗanda haƙoransu suka shiga na giyoyin gatarin dama da na hagu. A miƙaƙƙiyar tafiya duka suna juyawa tamkar abu guda. A kwana kuwa ƙananan giyoyin sukan juya a kansu, sai abin da taya ɗaya ta rage na gudu ya ƙaru ga ɗayar. Misali, idan kowace tana juyi 25 a minti, ta ciki ta koma 20, ta waje za ta kai 30.

Inda matsalar take

Difaranshal yana barin gudu ya bambanta, amma ƙarfin murɗawa daidai yake raba shi. Saboda haka tayar da ta kama ƙasa ba ta samun fiye da abin da mai santsi ta iya ɗauka. Haka kan faru a lokacin huɗa: tayar da ke cikin kwarin garma ta fi ɗaukar nauyi, ta sama kuma, wadda ke kan ciyawa ko sako-sakon ƙasa, ita ce ke fara zamewa.

Makullin difaranshal

Yawancin taraktoci suna da makulli da ke haɗe gatarin biyu su juya tare. A taraktoci da dama feda ce a wajen diddigen ƙafar dama. A kiyaye waɗannan:

1. A taka shi kafin a shiga wuri mai santsi.
2. Idan taya ta riga ta fara juyawa a banza, a taka kuloci tukuna, don kada haƙoran makullin su karye.
3. A sake shi kafin kwana, domin tarakta za ta ƙi bin sitiyari. Idan ya ƙi saki, a ɗan taɓa birkin gefe ɗaya.
4. Kada a yi amfani da shi a kan kwalta ko cikin gudu.

Auna zamewar taya

Malamin gona zai iya gwada wannan tare da direba. A yi wa tayar baya alama da alli, a auna nisan juyi 10 garma na sama, sannan a sake aunawa garma na cikin ƙasa. Idan na farko mita 45 ne, na biyu 39, bambancin mita 6 ne, wato kimanin kashi 13 cikin 100. Ga tarakta mai ja da tayoyin baya kaɗai, kashi 10 zuwa 15 shi ne daidai. Idan ya zarce haka, a ƙara nauyi da ƙarafan taya ko a zuba ruwa cikin taya har kashi 75 cikin 100, a duba iska, ko a rage zurfin garma. Idan ƙasa ta jiƙe sharkaf, gara a jira ta sha iska, domin taya mai zamewa tana danƙare ƙasa, saiwar shuka ta kasa ratsawa.

A riƙa duba man giya a kan kari bisa umarnin littafin tarakta, kuma da zarar an ji ƙara daga gatarin baya a kira bakanike.