Kafin A Sayi Amfilifayar Aljihu: Yadda Ake Daidaita Ta Da Waya Da Iyafis

A watan Satumba na shekarar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, mazauna Bukkuyum da Anka da Gummi sun shafe makonni ba kira ba intanet. Abin da ya rage wa mai waya a wancan lokaci shi ne abin da ke cikin katin memorinsa: karatun Alƙur'ani, wa'azi da waƙoƙin da ya tura a shago. Har yau ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Nasarawar Burkullu da Gusau, da ma'aikacin da aka tura aiki ƙauye, sun fi dogara da memori da iyafis. Wannan ne ya sa wasu ke sha'awar amfilifayar aljihu, wata 'yar na'ura da ake sanyawa tsakanin waya da iyafis domin ƙara wa sauti ƙarfi. Sai dai ba kowa ne yake buƙatarta ba, kuma haɗa ta ba bisa ƙa'ida ba na iya jawo asarar kuɗi, har ma da asarar ji.

Waƙar da ke cikin memori lambobi ne kawai. Akwai wani sashe a cikin waya da ke juya lambobin su zama siginar lantarki, sannan wata ƙaramar amfilifaya ta ƙarfafa siginar har ta iya girgiza 'yar lasifikar da ke cikin iyafis. Ke nan duk wayar da ke da ramin iyafis, kamar akasarin ƙirar Tecno da Itel da Infinix, tana ɗauke da tata amfilifayar. Wadda ake saye daban tana da amfani ne idan ta cikin wayar ta gaza.

Ana gane haka daga lambobi biyu da ake rubutawa a jikin kwalin abin sauraro. Ta farko ita ce turjiyarsa ga lantarki, wadda ake aunawa da ohm. Ƙananan iyafis na kasuwa yawanci suna tsakanin ohm 16 zuwa 32, alhali manyan hedifon na situdiyo suna kai wa 250 ko 300, wasu ma 600. Alal misali, Sennheiser HD 600 yana da ohm 300. Idan waya tana fitar da bolt 1, iyafis mai ohm 32 zai samu kusan miliwat 31, amma hedifon mai ohm 300 abin da zai samu bai wuce miliwat 3 da 'yan kai ba. Lamba ta biyu ita ce saurin amsawarsa, wato yawan ƙarar da yake bayarwa daga ɗan lantarki kaɗan, ana auna ta da desibel. Iyafis mai ohm 32 da desibel 100 ko fiye, kowace waya za ta iya da shi. Saya masa amfilifaya tamkar ɗaura wa keke injin tirela ne.

Ga wanda hedifon ɗinsa ke da nauyi, akwai matakan da ya kamata ya kiyaye. Na farko, ya duba turjiyar mafitar amfilifayar kanta. Ƙa'idar da masu harkar sauti suka saba bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya bisa takwas na turjiyar abin sauraron. Mai ohm 32 yana son amfilifayar da ba ta haura ohm 4 ba, in ba haka ba amon ganga na iya kumbura ya rufe muryar mawaƙi.

Na biyu, hanyar haɗawa. Idan aka jona amfilifaya a ramin iyafis na waya, sautin ya bi ta amfilifaya biyu ke nan, kuma duk wani shuu da ta farko ta haifar, ta biyu za ta ƙara masa ƙarfi. Na'urorin sauraron waƙa na musamman, irin waɗanda kamfanin FiiO na ƙasar Sin ke ƙerawa, suna da mafita ta daban da ke tsallake amfilifayar ciki, ita ce ta dace a yi amfani da ita. A waya kuwa, an fi samun sauti mai tsabta da amfilifayar da ake jonawa ta ramin caji na USB-C, domin ita ke karɓar lambobin ta juya su da kanta. Irin waɗannan sun yawaita ne bayan da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a shekarar 2016. Ba kowace waya ke karɓarsu ba, don haka mai saye, ko a Farm Centre ta Kano ko a Gusau, ya gwada a kan wayarsa kafin ya biya. Ya kuma sani cewa da batirin wayar take aiki, abin dubawa ga wanda ke biyan kuɗin caji a shago. Mai iyafis na Bluetooth kuwa ba ruwansa da wannan duka, domin amfilifayarsa tana cikinsa.

Na uku, tsarin kunnawa. A mayar da ƙarar amfilifaya ƙasa gaba ɗaya kafin a sa iyafis a kunne, a ɗaga ta waya kusa da ƙarshe, sannan a riƙa ƙarawa daga amfilifayar a hankali. Idan tana da maɓallin ƙarfi mai mataki biyu, a fara da ƙaramin.

Amfilifaya ba ta gyara abin da ya lalace tun daga tushe. Yawancin waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da na Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, daga kaset aka kwafo su, wasu bayan an yi ta kwafar kwafi. Idan aka matse irin wannan a MP3 mai kilobit 64, amon kotso da kalangu ya riga ya zube, kuma na'ura za ta ƙara bayyana ƙurar kaset ne kawai. Zai fi wa mai sauraro ya nemi mai turi ya ba shi kwafi mai kilobit 320 ko FLAC, sannan ya sayi iyafis mai kyau. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe a jerin.

Babban abin da ke cikin haɗari shi ne kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na fuskantar barazanar raunin ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. Ma'aunin da ta fitar tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya a 2019 ya ƙayyade wa baligi desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako. Idan ƙarar ta kai desibel 90, lokacin ya ragu zuwa sa'o'i 4 kacal. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. A cikin motar haya ko tsakiyar kasuwa, hayaniya ce ke sa mutum ya yi ta ƙara sauti, kuma maganin wannan shi ne iyafis mai robar da ke toshe kunne sosai. Duk wanda ya cire iyafis ya ji kunnensa na kuka, ko kuma sai an ɗaga murya kafin ya ji mai magana a gabansa, ya rage ƙara nan take, idan abin ya ci gaba kuma ya ga likitan kunne.