Kafin Ka Biya Kuɗin Kwas ɗin Share Bututun Iska

Bayan sallar isha'i ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, duba wannan." Talla ce ta kwas na kwana uku a intanet: ka biya, a turo maka takardar shaidar ƙwararren mai share bututun iska, wai da ita za ka samu aiki a Amurka ko Kanada. Har da hoton wani saurayi da hular kwano yana washe baki. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin bututun da idonsa. Sai ya hau sosa ƙeya.

Ban ga laifinsa ba. Esin da muka sani a gidajenmu na jikin bango ne, ba ruwansa da bututu. A Amurka kuwa gidaje da yawa na'ura ɗaya ce ke ɗumama su lokacin sanyi, ta sanyaya su lokacin zafi, iskar tana bin bututun kwano ta cikin silin ko ƙarƙashin daɓe zuwa kowane ɗaki. A nan sai dai manyan otal da asibitoci da kantunan zamani na Abuja, Legas ko Kano. Sana'ar tana nan da gaske, ana kuma ci da ita. Inda gizo ke saƙa shi ne batun takarda.

A can, takardar da masu sana'ar suka sani ita ce ASCS, wadda ƙungiyar NADCA ke bayarwa. An kafa ƙungiyar a 1989. Jarrabawa ake zaunawa a rubuta, kuma ba a ci sau ɗaya a kwanta ba: duk shekara sai an sabunta da shaidar ƙarin karatu. Kamfanin da ke son shiga ƙungiyar dole ya kasance da aƙalla ma'aikaci ɗaya mai wannan takarda. Duk da haka ba lasisin gwamnati ba ce. Jihohi irin su Fulorida da Kalifoniya da Tekzas suna da nasu lasisin daban. Kuma babu ɗayansu da yake biza, wannan a riƙe shi da kyau.

Wasu masu tallar sukan ce hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta amince da su. Ƙarya ce tsagwaronta. Hukumar da kanta ta bayyana cewa ba ta tantance masu wannan aiki. Takardar da take wajabtawa ta masu taɓa gas ɗin sanyi ce, ƙarƙashin sashe na 608 na dokar tsaftar iska, wannan kuwa wani fanni ne. Ta ma ƙara da maganar da 'yan kasuwa ba sa son ji: ba a tabbatar da cewa share bututu yana hana rashin lafiya ba. Shawararta ita ce a share idan an ga funfuna ƙuru-ƙuru, ko ɓeraye da ƙwari sun yi gida a ciki, ko ƙura ta cunkushe har tana fesowa ɗaki.

To me ake koya wanda kwana uku ba za su isa ba? Mai aikin yakan yanka ƙofa a jikin bututu, ya jona ƙaton tiyo na injin zuƙa, ya toshe duk ƙofofin iskar ɗakuna, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da burushi ko bulalar iska yana kaɗo dattin zuwa bakin injin. In injin a cikin gini yake, sai da matata ta HEPA mai kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da ido ba ya gani. Wanda bai iya ba, tayar da ƙurar da ta shekara goma a kwance kawai zai yi, mutanen gida su shaƙa. Dole mai aikin ya san bututun da aka shimfiɗa wa audugar gilashi a ciki, wanda burushi mai tauri ke yagawa. In ta jiƙe ta yi funfuna, ba ta wankuwa, cirewa ake yi. Sai ya gane asbestos a tsohon gini ya janye hannu. Ga lantarki, ga tsani, ga rarrafe cikin silin da takunkumi a hanci.

Ruwa ma abin tsoro ne. A 1976 mutum 34 suka mutu a Filadelfiya bayan wani taro a otal, daga ƙwayar cutar da aka danganta da ruwan na'urar sanyaya ginin. Tun daga nan masu aikin esi suka daina raina ruwan da ya kwanta.

Masu gine-gine, ku ma ku kula. Araha ba ta ado. Wanda ya zo da ƙaramin inji ya gama cikin rabin awa, bakin bututun kawai ya goge. Ku ce ya nuna hoton ciki kafin aiki da bayansa, kuma kada a fesa wani magani sai kun ga sunansa a jikin galan.

Abin da na gaya wa ɗan yayata shi ne ya fara daga tushe: ya zauna gaban mai gyaran firji da esi, ya nemi Trade Test na Ma'aikatar Ƙwadago daga mataki na uku zuwa na ɗaya, ko ya bi ta hukumar jarrabawa ta NABTEB. In hannunsa ya faɗa kuma yana son ASCS, ya shiga shafin NADCA da kansa, babu dillali.

Ya ɗan ɓata rai, don ya riga ya ranto rabin kuɗin. Makon jiya na bi ta shagon da aka kai shi. Na tarar da shi tsugune a bakin kwata yana wanke matatar esi, ruwan na fita ja wur da ƙurar hunturun bana, ogansa na daga ciki yana ƙwala masa kira ya kawo sifana.