Yadda Kwamfuta Ta Sami Wurin Zama a Kan Tebur

Na'ura mai ƙwaƙwalwa da muke gani a kan tebur ba da wannan siffa aka fara ƙera ta ba. Altair 8800, wadda ta fito a Amurka cikin 1975, akwatin ƙarfe ce kawai mai makunnai da ƙananan fitilu. Ba ta da allon kallo, ba ta da madannan rubutu. Yawanci a warwatse ake sayenta, mutum ya zauna ya harhaɗa da kansa. Saboda haka sai gwanin lantarki ke iya sarrafa ta.

Cikin 1977 kamfanin Apple ya fito da Apple II. Jerry Manock ya tsara mata gida na roba, da madannai a jikinta kamar tafireta, ana kuma iya jona ta da talabijin. Nufinsu shi ne ta yi kama da sauran kayan ɗaki, kada ta ba mai gida tsoro.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Cikin 1981 kamfanin IBM ya raba tasa kashi uku: akwati daban, allon kallo daban, madannai daban. Akwatin yana buɗuwa, an kuma bar gurabu biyar a ciki domin ƙarin kaya. Wasu kamfanoni suka kwaikwayi tsarin, kaya suka yawaita, farashi ya sauka. Apple kuwa cikin 1984 ya haɗe allon kallo da akwati wuri ɗaya a Macintosh, ya sa mata mariƙi a sama, da ɗan linzami na nuna abu a allo. Sauƙin aiki gare ta, amma a rufe take, sai da sukundireba na musamman ake buɗe ta. Haka iMac ta 1998 ta zo a dunƙule, cikin roba mai shuɗi-shuɗi wadda ake hangen cikinta.

Wannan rabuwa ta shafi aljihunmu. Mai akwati daban, in allonta ya mutu, allon kaɗai za a sake. Dunƙulalliya kuwa, ko ƙaramin abu ne ya lalace, duka za a ɗauka zuwa wurin gyara. Don haka kafin mu biya kuɗi, bari mu tambayi mai sayarwa ko akwatin yana buɗuwa, ko kuma ana samun kayan gyaransa a kusa da mu.