Gamba: Ciyawar Daji Da Ta Koma Gona A Gidan Katta

Gamba ciyawa ce mai shekara da shekaru a wuri guda. Ƙarangiya da kyasuwa kan mutu da zarar ruwa ya ɗauke, sai irinsu ya sake tsirowa baɗi. Ita kuwa gamba samanta kaɗai ke bushewa, gindin yana nan da rai yana jiran yayyafin farko. Masana tsirrai suna kiranta Andropogon gayanus, sunan da Bajamushen nan Kunth ya raɗa mata a 1833. A dunƙule take fitowa, kuma idan ta samu ruwa karanta kan kai mita uku, har mutum ya shige cikinta ba a hango shi ba.

Sirrin juriyarta yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarta iri uku ce: ƙanana masu bazuwa kusa da sama, waɗanda ke cafke ɗan ruwan da ya sauka, masu kauri kamar igiya da ke ajiye abinci, sai masu nutsawa ƙasa neman danshi. Da su take jure ranin wata takwas zuwa tara, wanda shi ne abin da aka saba gani a Gidan Katta da maƙwabtanta na ƙaramar hukumar Illela, irin su Kalmalo da Araba, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 ba.

A da, a daji ake yankan gamba, ba mai cewa tasa ce. Farin shekarun 1970 da na 1980, da yawan kiwo, da faɗaɗar gonaki sun rage ta ƙwarai a ƙasashen Sahel. Shi ya sa yau a wannan yanki, da tsallaken iyaka wajen Birnin Ƙonni, an fi ganinta a jere a iyakar gona, inda manomi ke barinta ko ya dasa ta da hannunsa. Ta fi dutse ko turke riƙe iyaka, don ba a tsige ta cikin dare ba tare da an bar alama ba. Layin nata kuma yana tare yashin da iskar farkon damina ke kwasowa ta binne ƙananan gero, abin da masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, suka gwada suka tabbatar.

Hanya biyu ake shuka ta: da iri ko da dashe. Irin yana da gashi, ba shi da nauyi, kuma sabon ɗiba ba ya tsirowa sosai sai ya kwana wasu watanni a ajiye. Ba a binne shi da zurfi, santimita ɗaya zuwa biyu ya isa. Wadda ta fi tabbas ita ce dashe: a haƙo tsohon gindi, a tsattsaga shi, a datse ganyen, a dasa a jere bayan ruwa ya zauna, wajen watan Yuli. Shekarar farko tana da nawa, ciyayi kan danne ta idan ba a nome ba, kuma dabba na iya tumɓuke ta gaba ɗaya. Daga shekara ta biyu ba ta neman kulawa sosai.

Lokacin sa lauje shi ke raba amfaninta. Tana ɗanya, kafin ta yi kara, shanu da tumaki na sonta, sinadarin gina jiki a ganyenta kan kai kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Da ta fitar da kai wajen Oktoba sai ya faɗi zuwa kashi 2 ko kusa da haka, ta zama cika ciki kawai. Mai son ingirici dole ya yanke da wuri, mai son zana kuwa sai ya jira kara ya ƙosa. Gindi ɗaya ba ya ba da duka biyun a shekara guda, kuma galibi zana ke rinjaye, don ita ke da kuɗi a hannu. Da ita ake kewaye gida da makewayi, a yi rumfa, a baibaye rumbu. Almajirai ma kan fere alƙalami daga karanta. Kwano da bulo sun rage mata kasuwa a cikin gari, amma rumfar zana ta fi ta kwano sanyi a watan Afrilu nesa ba kusa ba.

Gamba ta yi tafiya mai nisa. Irin da aka ɗauka daga Shika, kusa da Zariya, shi aka fitar wa makiyayan Kolombiya a 1980 da sunan Carimagua 1. A arewacin Ostareliya kuwa, inda aka kai ta a shekarun 1930 don kiwo, ta fi ƙarfin masu ita: ta mamaye daji, gobararta na ƙone manyan itatuwa, har a 2012 aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. A Gidan Katta lauje da bakin dabba ba sa barinta ta taru haka. Wajen yanka dai ana barin kamar taƙi guda a saman gindi, don wanda aka aske har ƙasa ba ya tofowa da ƙarfi.