Ƙirƙirarriyar Basira da Ƙasashe Masu Ƙaramin Ƙarfi: Wace Magana ce Gaskiya, Wace ce Ƙarya?

Tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya saki manhajar ChatGPT, zancen ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ya shiga majalisun hira da saƙonnin murya na WhatsApp. Wani ya ce na'ura ta zo ƙwace abincin bakin talaka. Wani kuma ya ce kakar Afirka ta yanke saƙa, nan da shekaru kaɗan talauci zai zama labari. Ga biyar daga cikin maganganun da suka fi yawo, an tankaɗe su an rairaye.

"Za ta cinye ayyukan talakawa"

Akasarin wannan magana ƙarya ce. A watan Janairun 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya yi ƙiyasin cewa fasahar za ta iya shafar kusan kashi 60 cikin 100 na ayyukan ƙasashe masu arziki, amma kashi 26 kacal a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a bincikenta na 2023, ta gano cewa ayyukan da na'ura za ta iya karɓewa kwata-kwata a irin waɗannan ƙasashe ba su kai kashi ɗaya cikin 100 ba.

Dalilin a fili yake. A Nijar ko Chadi yawancin jama'a noma suke yi, ko kiwo, ko saye da sayarwa, ko dako. Manhaja ba ta huɗa, ba ta tatsar nono, ba ta kai kaya kasuwa. Waɗanda ke da dalilin damuwa su ne ma'aikatan ofis, masu buga takardu da masu shigar da bayanai a kwamfuta. Sai dai wannan kashi 26 ɗin ba abin murna ba ne gaba ɗaya, domin aikin da fasahar ba ta taɓa ba, ba za ta ƙara masa albarka ba. Fargabar da Asusun ya bayyana ke nan: tazarar da ke tsakanin ƙasashe masu shi da marasa shi tana iya ƙara faɗi.

"Dala tiriliyan 15.7 na tafe, kowa zai samu rabonsa"

Adadin yana da asali, rabon ne ba haka yake ba. Kamfanin PwC ne ya fitar da shi a 2017, a matsayin hasashen abin da fasahar za ta ƙara wa tattalin arzikin duniya zuwa 2030. Amma rahoton da kansa ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na ribar China da Arewacin Amurka ne za su kwashe.

Kuma masana ba su ma daidaita kan girman ribar ba. Bankin Goldman Sachs ya yi hasashen ƙarin kashi 7 cikin 100 ga arzikin duniya cikin shekara goma. Daron Acemoglu, masanin jami'ar MIT da ya samu kyautar Nobel a 2024, ya lissafa cewa ko a Amurka ƙarin ba zai kai kashi 2 ba a tsawon wannan lokaci.

"Abin Turawa ne, ba ruwansa da talaka"

Wannan ƙarya ce, kuma shaidunta suna kusa. A 2020, da annobar korona ta tsayar da sana'o'i, gwamnatin Togo ta ƙirƙiro shirin tallafi mai suna Novissi. Matsalar ita ce babu cikakkiyar rijistar talakawa. Sai aka haɗa kai da masu bincike na jami'ar California da ke Berkeley da ƙungiyar GiveDirectly, aka koya wa kwamfuta gano yankunan da suka fi talauci daga hotunan tauraron ɗan'adam, da gano mabuƙata daga yadda suke amfani da waya. Mace a ƙauye sai ta danna ƴan lambobi a ƙaramar wayarta, ta shigar da lambar katin zaɓenta, in ta cancanta kuɗi su shigo mata. Binciken da mujallar Nature ta wallafa a 2022 ya nuna hanyar ta rage yawan mabuƙatan da ake tsallakewa, idan aka kwatanta da raba tallafi bisa yanki kawai. Ya kuma nuna ba ta kai ingantacciyar rijista daidaito ba.

A gona ma haka. Manhajar Nuru, wadda jami'ar Penn State ta haɗa tare da cibiyar binciken noma ta IITA, tana aiki ko babu intanet. Manomi ya ɗora kyamarar waya kan ganyen rogon da ya nannaɗe ya yi dabbare-dabbaren ruwan ɗorawa, manhajar ta faɗa masa cutar da take zargi. A asibiti kuwa, tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa amfani da kwamfuta wajen karanta hoton ƙirji don tantance tarin fuka, abin da ya zama agaji a wuraren da babu ƙwararren mai karanta hoton.

A jihar Edo ta Najeriya, wani gwaji na mako shida da Bankin Duniya ya tallafa a 2024 ya sa ɗaliban sakandare koyon Turanci da manhajar hira bayan an tashi makaranta, kuma sun zarce takwarorinsu a jarrabawa. Masu yaɗa labarin sukan manta da abu guda: malami yana tsaye a kansu a kowane zama. A duk misalan nan, fasahar ta toshe giɓin ƙarancin ƙwararru ne, ba ta kori kowa ba.

"Za a yi tsalle kamar yadda aka yi da wayar salula"

Rabinta gaskiya ne. Afirka ta tsallake wayar tangaraho, kuma M-Pesa, hanyar aika kuɗi ta waya da aka fara a Kenya a 2007, ta kai hada-hadar kuɗi ƙauyukan da banki bai taɓa zuwa ba. Wani bincike na 2016 ya ƙiyasta cewa ta fitar da gidaje kusan 194,000 daga ƙangin talauci.

Amma M-Pesa ƙaramar waya da saƙon tes kawai ta nema. Manyan manhajojin yau suna son babbar waya, data da caji. Alƙaluman hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 sun nuna kashi 27 cikin 100 ne ke amfani da intanet a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, alhali a masu arziki kashi 93 ne. Kusan mutum miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki. Wanda sai ya biya mai janareto a bakin kasuwa kafin wayarsa ta samu caji ba zai kwana yana hira da manhaja ba. Ga kuma harshe: an horar da na'urorin ne da rubutun intanet, inda Turanci ya yi kaka-gida, shi ya sa Hausarsu ba ta kai Turancinsu ba.

"Ƴan Afirka ba su da hannu a ciki"

Suna da hannu dumu-dumu, ladan ne bai taka kara ya karya ba. A Janairun 2023 mujallar Time ta ba da rahoton cewa ma'aikata a Nairobi, waɗanda suka tantance munanan rubuce-rubuce don tsabtace ChatGPT, ana biyan su ƙasa da dala 2 a awa. A ɗaya gefen kuma akwai Masakhane, haɗakar masu bincike da aka kafa a 2019, wadda ke tara bayanai da gina manhajoji a harsunan Afirka, har da Hausa.

Gwamnatoci sun fara motsi. Tarayyar Afirka ta amince da tsarin nahiyar kan wannan fasaha a taronta na Accra a Yulin 2024. Amma ga manomin Maraɗi ko ɗalibar Abeche, alkawarin da ya fi taɓa su shi ne na Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka, waɗanda suka sha alwashin kai lantarki ga mutum miliyan 300 a nahiyar kafin ƙarshen 2030. Ko sun cika shi daidai, kusan rabin waɗanda ke cikin duhu yau ne kawai za su samu inda za su jona waya.